Shaƙuwa da Halittu da Kiyaye Muhalli a Unguwannin Hausawa na Agege da Ogba

Kiyaye muhalli aiki ne da ke neman ɗan'adam ya haƙura da wani abin da yake iya samu yau saboda amfanin da ba zai bayyana ba sai bayan shekaru, wanda wataƙila ma wani ne zai ci moriyarsa, kuma irin wannan haƙuri ba kasafai yake ɗorewa ba idan tsoron hukuma ne kaɗai ke riƙe da shi. Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa shi ne, mutum yana kare abin da ya shaƙu da shi, yana kuma shaƙuwa da abin da ya yi hulɗa da shi har ya ga yana da haƙƙi a kansa, kuma babbar matsalar Hausawan Legas a wannan fanni ita ce shaƙuwarsu tana can Arewa, alhali rayuwarsu da ta 'ya'yansu tana nan Agege da Ogba. Abin da ake nufi da shaƙuwa da halittu a nan shi ne mutum ya riƙa jin cewa itatuwa da ruwa da ƙasa da tsuntsayen da ke kewaye da shi suna cikin rayuwarsa, har lalacewarsu ta riƙa sosa masa rai kamar yadda asarar wani abu nasa ke yi.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A 1984 masanin halittu ɗan Amurka Edward Wilson ya kawo ra'ayin cewa son abubuwa masu rai yana cikin ɗabi'ar da aka halicci mutum da ita, sannan a 2004 Stephan Mayer da Cynthia Frantz suka tsara wani ma'auni, wato jerin tambayoyin da ake gane zurfin shaƙuwar mutum da halittu ta hanyar amsoshinsa. Bincike-binciken da suka biyo baya a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa waɗanda shaƙuwarsu ta fi zurfi su suka fi tattalin ruwa da rage shara da tsayawa kan kare dazuzzuka. Louise Chawla kuma, wadda ta yi hira da masu fafutukar kare muhalli a Amurka da Norway, ta gano cewa mafi yawansu suna danganta himmarsu da abubuwa biyu, wato yawan zama a waje lokacin ƙuruciya, da samun wani babba a gida wanda ya nuna musu darajar abin da suke gani. Wajibi ne a yi adalci a ce yawancin waɗannan bincike an yi su ne a ƙasashen Turawa, kuma samun abubuwa biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan, don haka ya kamata a nemi hujja a tarihin da ya fi kusa da masu sauraro.

Tarihin Agege shi kansa hujja ne, domin itace ne ya kafa zangon Hausawa a wannan wuri. Tun kafin mulkin mallaka fataken Hausawa suna niƙa gari zuwa Gwanja, suna sayo goro a kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, amma bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya ɗaiɗaita Salaga a 1892, sai cinikin ya karkata zuwa teku, aka riƙa sauke goro a Ikko, wato Legas. A daidai wannan zamani wasu attajiran Legas, cikinsu har da Jacob Kehinde Coker wanda gonarsa ke Ifako, suka buɗe manyan gonakin koko a kewayen Agege, suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907, kuma a hankali irin goron Gwanja ya yaɗu a gonakin Agege da Ota har ya kai Shagamu. Da layin dogo ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya kuma isa Kano a 1911, sai tashar Agege ta zama wurin da ake ɗaure huhunan goro ana tura su Arewa, Hausawa kuma suka zauna, suka yi sarki, suka gina masallatai da makarantun allo.

Ya dace a tsaya kaɗan a kan aikin ɗan goro, saboda a cikinsa ake ganin shaƙuwa da halitta a fili. Mai sana'ar goro yakan kwance huhu lokaci-lokaci, ya baje goron a inuwa, ya riƙa juya kowane ƙwaya a tsakanin yatsunsa yana neman ɗan tabon da ke nuna sankara ta shiga, ya ware wanda ya kamu don kada ya ɓata sauran, ya zubar da ganyen fita da ya bushe ya shimfiɗa ɗanye, ya yayyafa ruwa daidai gwargwado, domin idan ya yi yawa goron ya ruɓe, idan ya yi kaɗan ya yanƙwane. Mutumin da ke wannan aiki ya san lokacin da sabon goro ke fitowa da lokacin da daushe ke tsada, ya san kurmin da ake yanko ganyen fita, ya kuma san cewa ranar da aka sare wannan kurmi sana'arsa ta shiga wahala. Iliminsa na muhalli a hannu yake da ido da hanci, kuma maslaharsa a ɗaure take da lafiyar itacen da ke ciyar da shi. Yau gonakin nan sun zama gidaje da shaguna da tituna, Ogba ta zama unguwar masana'antu, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Agege mutum kusan 460,000 a wani ɗan taƙaitaccen fili, kuma jikan ɗan goron yana iya girma bai taɓa ganin goro a kan uwarsa ba.

Wannan yankewa ita ce abin da marubuci Robert Pyle ya bayyana da mutuwar hulɗa, ma'ana idan halittu suka ɓace daga inda mutane ke zaune, sai sanin su ya ɓace, idan sanin ya ɓace sai damuwa da su ta tafi, sannan a ƙara lalata abin da ya rage ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Kowace tsara takan ɗauki abin da ta buɗi ido ta gani a matsayin yadda duniya take, ta yadda yaron da ya tashi ya ga kwatami cike da ledar ruwa da robobin abinci ba zai ga abin mamaki a ciki ba, balle ya yi tunanin cewa wasu daga cikin manyan magudanan da ke ratsa unguwanni a da rafuka ne masu gudana a tsakanin gonaki.

Hukumomin Legas sun gwada hanyar tilas, kuma sakamakonta abin nazari ne. Daga zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari a 1984 aka gaji tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, inda ake hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe don kowa ya share ƙofar gidansa ya yashe kwata. An shafe shekaru kusan 30 ana wannan al'ada, har wata babbar kotun tarayya ta yanke hukunci a 2015 cewa hana zirga-zirgar ba shi da madogara a doka, gwamnatin jiha kuma ta soke shirin a 2016. Abin lura shi ne, da aka ɗage tilas ɗin, a unguwanni da yawa tsintsiya da shebur sun koma ɗaki, wanda ke nuna cewa shekarun nan sun koya wa mutane zaman gida da safiyar Asabar fiye da yadda suka koya musu son wurin da suke zaune. Ba a faɗi haka don a raina doka ba, domin haramta robar kumfa ta zuba abinci da jihar ta yi a Janairun 2024 mataki ne da babu wata soyayyar muhalli da za ta maye gurbinsa, kuma dattin masana'antu da na mayanka sai hukuma mai haƙora. Sai dai doka tana aiki ne inda idon jami'i ya kai, alhali yawancin abin da ke toshe magudanan ruwa ana zuba shi ne da dare ko lokacin da ruwan sama ke sauka, kuma ambaliyar 10 ga Yulin 2011, wadda ta ci rayuka da dukiya a sassan birnin, ta nuna tsadar wannan ɗabi'a.

Hujja mafi ƙarfi a kan ɗaya hanyar, wato ta shaƙuwa da haƙƙi, tana ƙasar Hausa, a jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar. Dokar gandun daji ta zamanin Faransa, wadda aka kafa a 1935, gwamnatocin bayan 'yancin kai kuma suka ci gaba da bin ruhinta, ta sa muhimman itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma, har manomi yana iya fuskantar tara idan ya sassabe reshen itacen da ke tsakiyar gonarsa. Itace ya zama abin jawo fitina, saboda haka manoma suka gwammace su tumɓuke kowane tsiro tun kafin ya girma ya ja hankalin ma'aikacin gandun daji, kuma a lokaci guda ana koya musu cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal. Bayan farin 1973 aka kashe kuɗi masu yawa wajen rainon dashe a gandaye, amma yawancin abin da aka dasa bai rayu ba, saboda rana da iska da awaki, da kuma rashin wanda ya ɗauke shi nasa.

A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sarewa kowace shekara kafin shuka, tofo ne na kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga wannan, wadda manoma suka sa wa suna sassabin zamani, ba ta buƙatar komai sai wuƙa ko ɗan gatari. Manomi yakan durƙusa gaban kututture mai tofo goma ko fiye, ya zaɓi 'yan ƙalilan mafi ƙarfi da miƙewa ya bari, ya datse sauran, ya sassabe ƙananan rassan da ke ƙasa yana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, wani lokaci ya ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san akwai mai shi. Da yake saiwar tsohuwa ce mai zurfi, tofon yakan yi saurin girma fiye da dashe. A yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka raina, wanda shi ma darasi ne a kan iyakar aikin da aka yi don lada ta ɗan lokaci. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga itacen girki a ƙofar gida, sun ga harawa a bazara, sun ga iska ta daina binne musu shuka da rairayi, sun kuma ga yadda gero ke yin kyau a ƙarƙashin gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya yi kore da rani, ya ba ƙasa taki ba tare da ya tare wa amfanin gona rana ba. Da ikon ma'aikatan gandun daji ya yi sauƙi, dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 kuma suka ƙara wa manomi ƙarfin guiwa a kan itacen gonarsa, sai abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Manomin Maraɗi bai rasa sanin gawo da kalgo da aduwa da magarya ba tun fil azal, ya san wanda ake magani da shi da wanda dabba ke so, ya san sunan kowanne tun yana yaro mai kiwo. Abin da aka raba shi da shi shi ne haƙƙi, kuma da haƙƙin ya dawo sai tsohuwar shaƙuwa ta zama aiki. Wannan ya yi daidai da abin da Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna game da dukiyar tarayya kamar makiyaya da ruwa da daji, cewa jama'a sukan iya tattalinta da kansu idan an san iyakarta, an san masu haƙƙi a kanta, kuma su ne ke tsara ƙa'idojinta. Ƙasar Hausa ta san wannan tsari a hurumi, wato filin da ake keɓewa a gefen gari ba a nomawa, da burtali, wato hanyar da ake bar wa dabbobi a tsakanin gonaki, fiƙihun Musulunci kuma ya san shi a babin hima da harim, wato keɓantacciyar makiyaya da kewayen rijiya ko kogi da ba a yarda a taɓa ba. Ƙasar Yarabawa ma tana da nata, domin kurmin Osun da ke Osogbo, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, ya tsira ne saboda matsayinsa a zukatan mutanen garin.

Idan aka dawo Agege da Ogba da wannan ma'auni, za a ga cewa Bahaushen da ya zo daga Arewa ba ya cikin waɗanda suka jahilci halittu. Mahaucin Oko-Oba yana gane lafiyar sa daga kallon idonsa da fatarsa, mai ruwa ya san rijiyar burtsatsen da ruwanta ke da gishiri, ɗan gwari ya san abin da ƙarancin ruwa a Kadawa ke yi wa farashin tumatir a kasuwar Mile 12, masu lambu kuma suna fitar da alayyafo da latas daga 'yan filayen da kowa ya raina. Da yawa daga cikinsu suna aika kuɗi gida a sayi taki, suna tambayar labarin damina a waya kafin su tambayi komai, kuma ba za su yarda a sare kukar gidansu ba ko nawa za a biya. Amma mutumin nan shi ne zai zauna shekara 20 a ɗakin haya bai dasa ko zogale ɗaya ba, saboda yana ɗaukar kansa ɗan ci-rani ko da furfura ta cim masa a nan, yana riƙe da karin maganar da ke cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Wannan tunani yana da dalili, domin ƙasar ba tasa ba ce, mai gida na iya tayar da shi, hukuma na iya rushe kasuwarsa, kuma ba a zargin wanda bai da tabbacin kwanan gobe don bai yi dashe ba. Sai dai al'ummar da ta haura shekara 100 a wuri, take da sarauta da maƙabarta da gidaje na kanta, ta wuce a kira ta raɓa, kuma 'ya'yanta da aka haifa a nan, masu jin Yarabanci kamar Hausa, su ne suka fi kowa asara, domin ba su gaji gawon Arewa ba, ba a kuma ba su wani itace a Kudu ba.

Akwai wuraren da aka tanada a Legas don irin wannan hulɗa, kuma sun cancanci yabo. Gidauniyar kare halittu ta Nijeriya, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya jagoranci kafawa a 1980, ta buɗe cibiyar Lekki a 1990 a fili mai hekta 78, inda ake ganin birai da tsuntsaye da sauran abin da ya rage na dajin fadamar gaɓar teku, aka kuma ƙara mata gadar sama mai tsawon mita 401. Gwamnatin Babatunde Fashola ta fara gangamin dashen itatuwa a 2008, aka tsayar da 14 ga Yuli ranar dashe, aka kafa hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa, kuma akwai lambuna a Alausa da ba su da nisa da Ogba. Ziyarar ɗalibai zuwa irin waɗannan wurare abu ne mai kyau da ya kamata makarantun Islamiyya su sa a tsarinsu. Duk da haka ziyarar shekara-shekara tana haifar da sha'awa ne kawai, shaƙuwa kuwa sai da maimaici, sai da abin da ake gani kullum a hanyar masallaci, ana lura da ranar da ya yi fure da ranar da ya yi yaushi.

Saboda haka aikin da ke gaban wannan al'umma ya fi kusa da ƙofar gida, kuma wuraren da take da cikakken haƙƙi a kansu su ne mafarinsa, wato harabar masallatai da makarantu da maƙabartu da gidajen da 'yan asalin zango suka mallaka. Ruwan alwala da ke kwarara cikin kwata sau biyar a rana ya isa ya rayar da mangwaro ko darbejiya ko gwanda idan aka karkata shi, kuma ruwan saman Legas, wanda ya ninka na Maraɗi fiye da sau biyu, yana sauƙaƙa abin da manomin Sahel ke wahala a kansa. Malamai suna da abin faɗa a kan mumbari, domin ingantaccen hadisi ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi, kuma babin waƙafi, wato tsayar da dukiya don amfanin jama'a har abada, yana iya ɗaukar itace kamar yadda yake ɗaukar rijiya. Darasin Maraɗi shi ne kada a yi dashen da ba shi da mai shi, don haka kowane itace ya kamata a danƙa shi ga wani ɗalibi ko wani gida da sunansa, ya shayar da shi, ya kewaye shi daga awaki, ya kuma ci 'ya'yansa idan ya yi. Dattawan da suka yi sana'ar goro, waɗanda har yanzu akwai sauransu, su ne manyan da Chawla ta ce yaro na buƙata, kuma dasa 'yan itatuwan goro a harabar wata makaranta a Agege zai ba su abin da za su nuna da hannu lokacin da suke ba da tarihin zango.

Haka nan sana'o'in da ke cin muhalli daga nesa suna buƙatar a haɗa su da tushensu. Gawayin da mai tsire da mai shayi ke saya a buhu daga dazuzzukan Oke-Ogun da Kwara da Neja yake fitowa, kuma wanda ya taso ya ga yadda hamada ke cin gonakin Daura ko Illela ya fi kowa cancantar a yi masa wannan magana, a kuma taimaka masa da murhu mai tattalin gawayi ko da gas idan jarinsa zai ɗauka. 'Yan gwangwan da masu tsintar roba, waɗanda ake yawan kallo a matsayin matsala, su ne a zahiri ke raba birnin da tarin ƙarfe da roba kowace rana, kuma shigar da su cikin tsari da rajista ya fi korarsu amfani.

Abin da ya fi wuya shi ne gidajen haya, inda mafi yawan jama'a suke, domin mai gida yakan ji tsoron saiwa ta fasa masa gini ko dashe ya zama hujjar mallaka, ɗan haya kuma yakan ji tsoron ya raini abin da wani zai sare. Wannan magana ce ta sulhu da ta dace da majalisar Sarkin Hausawa da sarakunan Yarabawa na yankin da ƙungiyoyin ci gaban unguwa da ƙananan hukumomi, a zauna a yarda da irin itatuwan da saiwarsu ba ta ɓarna, da tazarar da za a bari tsakaninsu da bango da magudanar ruwa, da wanda zai ci amfanin itacen muddin yana zaune a gidan, a kuma rubuta yarjejeniyar da Hausa da Yarabanci yadda kowane ɓangare zai riƙe kwafinsa.